Amsa: jirage biyu sun faɗa gida ɗaya, wa zai zauna?

Malam, ka ce jirginka da na abokin wasanka sun haɗu a gida ɗaya a Wooden Ships & Iron Men, wasan allo na yaƙin jiragen ruwa, gardama ta kaure. Ku mayar da su inda suka taso, ku sake tafiyar taki ɗaya-ɗaya bisa umarnin da kowa ya rubuta. Tunda kowane jirgi gida biyu yake ci, wannan kaɗai kan raba gardamar.

Wanda ya riga shiga gidan shi ke zama, ɗayan ya ja baya. In goshin wani da bayan wanda ke juyawa suka shiga tare, goshi ke da gida. In ba haka ba, ku jefa ɗan ludo, mai babbar lamba ya zaɓi jirgin da zai zauna.

Abin da mutane ke mantawa: tafiyar jiragen biyu ta ƙare nan take, sauran umarnin ya rushe. Sannan a sake jefawa a ga ko igiyoyinsu sun sarƙe. Ni dai ban yarda a tsallake wannan ba, domin haka jirgin Birtaniya Victory ya sarƙe da jirgin Faransa Redoutable a yaƙin ruwa na Trafalgar a 1805, daga saman Redoutable ɗin kuma aka harbi Nelson, kwamandan jiragen Birtaniya.