Amsa ga ɗalibin da ya yi tambaya kan ƙidayar kifi a kogin Isa

Salamu alaikum. Ƙanena da ka tambayi ta ina za ka faro binciken irin kifin da ke yankin Yamai da abubuwan da ke tare musu hanya, ni na yi wannan yawon shekaru, daga Say har Tillaberi, to ga abin da na gani.

Kar ka fara da sayen taru. Je ka gaida sarkin ruwa, ka nemi takardar izini wajen ma'aikatan gandun daji, sannan ka riƙa sammako bakin ruwa kafin mata masu sari su kwashe kamun. Riƙe kaye da abin awo da wayarka, kowane kifi ka shimfiɗa shi ka buɗe ƙayar bayansa ka ɗauki hoto, ka rubuta inda aka kamo shi da kuma da me, birgi ne ko mamari ko gura, don kowanne da irin kifin da yake ɗaukowa. Kuma ka yi hattara da suna, masunci zai ce maka ƙurungu alhali ƙurungu iri iri ne, haka karfasa. Giwan ruwa da yauni su kam ba a rikita su da wani kifi.

Zuwa ɗaya ba ya isa wallahi. Ruwanmu sau 2 yake cika, akwai jan ruwa na Agusta da Satumba da rassan kogin, su Sirba da Dargol, ke kawowa, akwai kuma wanda ke gangarowa daga Gine ya iso wajen Disamba da Janairu. Sai ka koma a Mayu da ruwa ya janye.

Maganar shinge kuwa nan ne nake so ka tsaya sosai, don kowa manyan madatsun ruwa irin Kandaji yake ambato, ko Markala ta Mali ko Kainji da aka gama a 1968, amma ni abin da ya fi damuna ƙananan ne da ba wanda ke rubutawa. Kifi da yawa ba a tsakiyar kogi suke ƙwai ba, fadama suke bi cikin ciyawar burgu in ruwa ya hau, to duk datsin da aka yi don gonakin shinkafa ko hanyar mota ya raba su da wurin. Na taɓa tsayawa bakin wani kwalbati wata damina, ruwa na zubowa daga bututun kamar tsayin gwiwa, 'yan kawara sun taru baƙi ƙirin a ƙasa suna tsalle suna faɗowa, yara na kwasa da kwano. Tarwaɗa ce kaɗai ke samun wucewa, ita tana jan ciki ta jiƙaƙƙiyar ciyawa da dare. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, mita kaɗan ne tsakaninsu da fadamar.

Saboda haka bi kowane gulbi da ƙafa, ka auna tsayin zubar ruwa da zurfin ƙasansa, ka ɗauki GPS, ka rubuta watan da yake rufe hanya. Sa shingen Gudel, ƙaramar madatsar ruwan da ke Yamai, a lissafi, da tudun rairayi da kainuwa da dumba, wato shingen da masunta ke yi don tare kifi.

Ka zauna da tsofaffi ka tambaye su wane kifi suka daina gani tun 1985 da ruwan kogin ya daina gudu a Yamai. Ɓangaren Sirba kuwa kar ka shiga sai ka ji labarin tsaro tukun. Allah ya ba da sa'a, in ka samu hotunan turo su nan mu duba tare.