Amsoshin Tambayoyinku: Kyamarar Ɗaukar Tsuntsaye da Namun Daji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina Gashuwa, nakan leƙa fadamar Dagona lokacin da tsuntsaye ke sauka. Hotunan da nake ɗauka da waya, dinya da kirinjijiya sai su fito kamar ɗigon tawada. In canja babbar waya ce, ko in sayi kyamara ta hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bar batun waya. Yawancin zuƙowar da waya ke yi, yanko tsakiyar hoton ne ta buɗa shi, shi ya sa yake dishi-dishi. Tsuntsu gilashin kyamara (lens) mai dogon zango yake so, daga milimita 250 zuwa sama. Don haka fiye da rabin kuɗinka ya tafi kan gilashi, jikin kyamara ya ɗauki saura.

Nikon D3300 ko D3500 ta isa, haka ma Canon 2000D. Dukkansu megafiksel 24 ne. A Canon nemi gilashin 55-250mm mai alamar IS, wato mai rage rawar hannu. Za a tallata maka 75-300mm da araha, amma galibinsa babu IS, kuma hotonsa kan yi laushi a ƙarshen zango. A Nikon kuwa ga inda ake yawan faɗawa rami: tsohon 70-300mm mai alamar AF kaɗai ba ya saita kansa a kan D3300 da 'yan'uwanta, domin babu injin juya gilashi a jikinsu. Sai wanda aka rubuta AF-S ko AF-P. Shi ma AF-P ba ya aiki da D3100 da D3200.

Kafin ka biya, ka haska tocila cikin gilashin. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ta kama shi a wuri mai laima, kada ka saya ko an rantse maka. Sannan ka sa kyamarar a f/22, wato ka ƙanƙanta ƙofar shigar haske, ka ɗauki farin bango. Baƙaƙen ɗigon da suka fito ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Kaɗan ba laifi, ana sharewa. Ka bincika adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙananan kyamarori irin waɗannan wajen 100,000 aka ƙiyasta musu. Wadda ta haura 60,000 a rage maka kuɗi sosai.

A fadama ka fita bayan asuba, rana a bayanka. Tsuntsun da ke zaune saurin ɗauka na 1/500 na daƙiƙa ya ishe shi, mai tashi sai 1/1000 ko fiye, ko da za ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 800. Ka zauna wuri guda, su za su matso.

Tambaya: Za mu Yankari ni da yara. Me zan ƙara saya saboda ƙurar hunturu?

Amsa: Hajiya, kayan ba su da tsada: 'yar robar hura iska, ƙyallen goge tabarau, jaka mai zif, da batir na biyu. A fara hure ƙura kafin a goge. Wanda ya sa bakin mayafi ya murza gilashi mai ƙura, yashi ya goga masa, kuma zanen ba ya fita. Kada ki cire gilashi a cikin motar zagaye. Ki ɗaura mai zuƙowa tun daga masauki. In da hali ki jinkirta zuwa Fabrairu ko Maris, lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji. A Wikki kuma, wato wurin maɓulɓular ruwan ɗumi na Yankari, ki rataya kyamarar a wuya, birai na wawushe jakar da aka ajiye.

Tambaya: Memori (katin ajiyar hotuna) mai araha fa, na gefen titi?

Amsa: A'a. Na jabu yakan nuna 128GB alhali cikinsa bai kai haka ba, yana cika sai ya riƙa danne tsofaffin hotuna ba ka sani ba. Sayi 32GB guda biyu a shagon da za ka iya komawa, ka cika kowanne da bidiyo ka buɗe a kwamfuta kafin ranar tafiya.