Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya: me ya sa intanet da maus ke ɗaukewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sa wa laftof ɗina Windows 11 da Ubuntu. A Windows intanet lafiya lau, amma idan na kashe na shiga Ubuntu, wani lokaci Wi-Fi ba ya fitowa sam, wani lokaci kuma ya zo ya riƙa yankewa. Mai gyara ya yi mini fomatin, amma abin bai canza ba. Ko katin Wi-Fi ɗin ne ya mutu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Katin da ke aiki lafiya a Windows bai mutu ba, don haka ka bar kuɗinka a aljihu. Amma batun fomatin ɗin nan ya dame ni ƙwarai, domin ya zama maganin da ake ba kowace kwamfuta ba tare da an tambayi ciwonta ba. Matsalar da ke zuwa tana tafiya tana da sanadi, kuma fomatin yana share bayanan da za su nuna sanadin, sannan ya mayar da saitin da ya haifar da matsalar daidai yadda yake tun daga kamfani. Ka yi asarar fayilolinka da kuɗin aiki, kana kuma murna an gyara, har zuwa washegari.

Abin da na fi zargi shi ne Fast Startup. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, danna Shut down ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya. Windows tana rufe manhajojinka, sai ta adana halin da ƙwaƙwalwarta da direbobin na'urori (wato manhajojin da ke sarrafa na'urori irin su katin Wi-Fi) suke ciki a fayil mai suna hiberfil.sys, don ta yi saurin tashi nan gaba. A wannan hali wasu katunan Wi-Fi da na Bluetooth kan tsaya yadda Windows ta bar su, idan direban Ubuntu ya zo ya tashe su sai su ƙi amsawa. Gwajin ba shi da wuya: ka danne Shift yayin da kake latsa Shut down, ka jira kwamfutar ta mutu murus, sannan ka kunna ka shiga Ubuntu. Idan Wi-Fi ya fito, ka kama mai laifi. Sai ka je Power Options a Control Panel, ka shiga wurin zaɓen aikin maɓallin wuta, ka cire alamar da ke kan Fast Startup. Ni na fi son buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa in rubuta powercfg /h off, wanda ke kashe shi tare da Hibernate (kashe kwamfuta tare da adana aikin da ke buɗe) baki ɗaya. Duk mai tsarin aiki biyu a kwamfuta ɗaya ya kamata ya yi wannan tun ranar farko, saboda saitin yana kuma kulle ɓangaren faifan Windows, har Ubuntu ta kasa rubuta komai a kai. Ka sake dubawa bayan kowane babban sabuntawa na Windows, don wani lokaci yakan dawo.

Yankewar da ke faruwa bayan an haɗu kuwa, galibi saitin tsimin wuta na katin Wi-Fi ne. A Ubuntu ka buɗe fayil ɗin default-wifi-powersave-on.conf da ke cikin /etc/NetworkManager/conf.d, ka mayar da wifi.powersave daga 3 zuwa 2, ka sake kunnawa. Sannan ina roƙonka ka koyi ɗabi'ar da nake ta nanatawa: kafin ka ɗora wa kwamfuta laifi, ka yi ping (umarnin da ke aika ɗan saƙon gwaji don ganin ko za a amsa) zuwa adireshin rautarka, wato na'urar da ke ba ka Wi-Fi, ka yi wani zuwa 8.8.8.8, wani adireshi da ke waje a intanet, a lokaci guda. Idan na rauta yana tafiya ba yankewa, na waje ne kaɗai ke faɗuwa, to matsalar ta kamfanin layinka ce, kuma babu fomatin ɗin da zai gyara ta.

Tambaya: Malam, maus ɗina marar waya, mai ɗan ƙaramin abin karɓar sigina da ake sokawa a USB, yana tsalle-tsalle a Windows da Ubuntu duka, musamman idan ina kwafar fayiloli zuwa faifan waje. Daga wata ma'aikaciya a Kaduna.

Amsa: Malama, kin riga kin ba da amsar a cikin tambayarki. Tunda abin yana faruwa a ɓangarorin biyu, ba batun direba ba ne. Na'urorin USB 3.0, masu ramin da galibi ke da shuɗin launi, suna fitar da hayaniyar lantarki a zangon 2.4 GHz, wanda shi ne zangon da maus ɗinki ke amfani da shi, kuma kamfanin Intel ya wallafa bayani a kan haka tun 2012. Ki mayar da abin karɓar siginar ramin da ke ɗaya gefen laftof ɗin, nesa da wayar faifan, ko ki sayi gajeriyar wayar ƙarin USB ki ajiye shi kan tebur kusa da maus. Idan rautarki tana da 5 GHz, ki koma can, domin hayaniyar nan tana taɓa Wi-Fi ma.

Tambaya: Maus ɗina na Bluetooth sai na sake haɗa shi duk lokacin da na sauya daga Windows zuwa Ubuntu. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, maus ɗin yana ganin kwamfuta ɗaya ce mai adireshi ɗaya, amma kowane ɓangare yana ba shi mabuɗin sirri daban, shi kuma na ƙarshe kaɗai yake riƙewa. Ana iya kwafar mabuɗin daga rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, zuwa /var/lib/bluetooth a Ubuntu, sai dai aiki ne mai buƙatar natsuwa. Mafi sauƙi ka koma ga maus mai abin karɓar sigina na USB.

Tambaya: Maus ɗina yakan daskare idan na bar shi na ɗan lokaci, sai na girgiza shi. Daga wani mai shagon buga takardu a Katsina.

Amsa: Alhaji, ka fara da sabon batir mai kyau, ba wanda ka ciro daga rimot ba. Idan bai daina ba, ka kashe USB selective suspend a Power Options, a Ubuntu kuma ka duba ko an sa TLP, wani shirin sarrafa wutar laftof, domin yana iya kwantar da ramukan USB don tsimin batir.