Aikin mai jarfa da inji: amsa ga wata mai ƙunshi daga Tawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ƙunshi ce a garin Tawa, shekarata shida ina yi wa amare zanen lalle. Kwanakin nan ina yawan ganin bidiyon masu zanen jiki da inji mai allura a waya, har wasu daga cikin masu zuwa wurina sun fara tambaya ko zan iya yi musu zanen da ba ya gogewa. Ina son a bayyana mini yadda aikin mutanen nan yake, da yadda suke koyonsa, da kuma ko mai hannun zane irina za ta iya shiga cikinsa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta zo inda ya dace, domin a gidan wanzamai na tashi, kuma na daɗe ina aikin jinyar masu cututtukan fata a nan Yamai, saboda haka na ga wannan al'amari ta wajen mai riƙe da aska, na kuma gan shi ta wajen wanda aka yi wa aikin.

Abin da kike gani a waya ba baƙo ba ne a ƙasarmu, Hausa ma tana da sunansa tun da can, wato jarfa. Ina yaro na sha zama kusa da kakana yana yi wa 'yan mata ita: ya tsattsaga fata da bakin aska, ƙanana ƙanana a jere, sannan ya shafa baƙin tukunya, idan wurin ya warke sai zanen ya zauna har tsufa. Ke da kike Tawa, ba sai an kai ki nesa ba, dubi fuskokin matan Bororo na wajen Abalak, za ki ga jarfa a gefen baki da gefen ido. A wasu ƙasashen ma haka abin yake. A 1991 an gano gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, aka ƙirga jarfa 61 a jikinsa. Sabon abu kawai shi ne injin, wanda wani mutumin birnin New York mai suna Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a 1891, bayan ya ɗauki dabarar daga wani alƙalami mai lantarki na Thomas Edison.

Kafin ki fahimci aikin mai jarfa, sai kin san abin da ya raba shi da naki, kuma bambancin duka a cikin fata yake. Lalle yana rina ɓawon fata na sama ne, wanda kullum yake saɓulewa yana sabuntawa, shi ya sa ƙunshin amarya yake dusashewa cikin mako biyu ko uku. Shi kuwa mai jarfa, allurarsa tana huda wannan ɓawo ta ajiye tawada a sashen da ke ƙarƙashinsa, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda akwai jini da jijiyoyi. Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwar aba, sai ƙwayoyin garkuwarsa su haɗiye ta, amma da yake ba sa iya narkar da ita, sai ta zauna a wurin. Ke nan kowace jarfa rauni ce da aka yi da gangan, kuma samanta kaɗai yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya warke.

Gwanintar tana cikin wannan ɗan zurfin ne. Injin yana soka allura sau gommai a cikin daƙiƙa ɗaya, amma hannun mutum ne yake yanke iyakar inda za ta tsaya. Idan bai kai ba, tawadar za ta fita tare da ɓawon ciwo, zanen ya yi dabbare-dabbare. Idan kuma ya zarce, sai ta bazu a ƙarƙashin fata kamar yadda tawada take yi a jiƙaƙƙiyar takarda, layin ya yi inuwar da ba ta gyaruwa. Da hannu ɗaya yake riƙe injin, ɗayan kuma yana miƙe fatar da shi, yana share jini da rarar tawada a kai a kai domin ya ga inda yake. Fatar ma ba ɗaya ba ce: ta dantse tana da kauri da sauƙin aiki, ta kan haƙarƙari siririya ce kuma tana motsi da numfashin mai ita. Allurar kanta ƙananan allurai ne aka haɗa, wasu a dunƙule domin jan layi, wasu a shimfiɗe kamar matsefi domin cika wuri da yin inuwa, kuma a al'adar aikin ana fara jan layi ne kafin a koma inuwa.

Abin da bidiyo ba ya nuna miki shi ne yawancin ranar mai jarfa a kan takarda take ƙarewa. Zai zauna da mai son aikin ya ji abin da yake so, ya zana, ya gyara, ya sake zanawa, sannan ya kwafe zanen a wata takarda ta musamman wadda ake mannawa a jiki ta bar sawu, domin a ga yadda zai zauna idan mutum ya tsaya ko ya lanƙwasa hannu. A nan ne nake ganin girman fasaharsu, domin ba don yau kaɗai suke zane ba. Layi yana faɗaɗa da shekaru, don haka siraran layuka biyu da aka matse kusa da juna za su haɗe su zama dunƙulen baƙi bayan wani lokaci, kuma gwani yakan bar fili a tsakaninsu ko da mai aikin yana ganin kamar an yi masa rowa. A kan baƙar fata irin tamu kuwa, tawada tana zama ne a ƙarƙashin launin fatar, ta cikinsa ake hango ta, shi ya sa launuka masu haske ba sa fitowa kamar yadda suke a hotunan Turawa.

Koyon sana'ar kuwa bai bambanta da na gidanmu na wanzamai ba. Yaro yakan shafe shekara ɗaya ko fiye a shagon maigida yana shara da wanke kaya da zane a takarda, daga nan ya gwada hannunsa a fatar roba ko ɓawon lemu, kafin a bar shi ya taɓa jikin mutum. Bayan ya ƙware ma aikin ba hutu ba ne, domin zama ne na sa'o'i a sunkuye, kuma babban zane kamar na gadon baya sai an yi watanni ana dawowa, saboda dole a jira fata ta warke.

Rabin aikin tsabta ce, kuma nan ne na fi damuwa. Allura sau ɗaya ake amfani da ita a yar, ana sa safar hannu, ana zuba wa kowa tawadarsa daban, sauran kayan ƙarfe kuma a dafa su a tukunyar tururi ta asibiti a zafin digiri 121, domin tafasasshen ruwa ko shafa giyar asibiti ba su isa ba. Ta allura ɗaya ana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C, har da ƙanjamau. Tawadar ma abar lura ce, har Tarayyar Turai ta taƙaita dubban sinadaran da ake sawa a cikinta tun Janairun 2022. Ba zan manta da wani saurayi da ya zo mana ba, wanda abokinsa ya rubuta masa suna a ƙirji da allurar ɗinki da tawadar biro. Wurin ya yi ruwa, da ya warke kuma sai kowane harafi ya tashi ya yi tudu mai sheƙi da ƙaiƙayi, irin tabon nan da ya fi kama masu baƙar fata. Da ya ɗaga rigarsa, kansa a sunkuye, abin da ya fara tambaya shi ne ko za a iya cire shi kafin aurensa. Na ji ciwon amsar da na ba shi, domin irin wannan tabo ko an yanke shi yakan dawo, jarfar da ta warke lafiya ma sai an yi ta zuwa ana ƙona ta da hasken leza, da kuɗi masu yawa, kuma ba kullum take fita duka ba.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba zan tsallake ta ba tunda masu zuwa wurinki Musulmi ne. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai yin jarfa da wadda take neman a yi mata, kuma a kan haka ne mafi yawan malamai suka haramta ta, alhali lalle ado ne da aka yarda da shi ga mata. Ki nemi ƙarin bayani wurin malamanki.

To, ko za ki iya? Hannun da ya shekara shida yana jan fure a tafin amarya ba tare da rawa ba, ba zane ne zai gagare shi ba. Amma shawarata ita ce kada ki ɗauki allura, domin sayen inji ta intanet ba ya zuwa da maigidan da zai tsaya a kanki, ko tukunyar tururi, ko sanin abin yi idan wuri ya rube. Abin da ya kamata ki ɗauka daga gare su shi ne yadda suke girmama zane: ki ajiye littafin da kike zana sababbin furanni a ciki kullum, ki riƙa duban siffar hannu ko ƙafa kafin ki fara, ki ɗauki hoton aikinki domin amarya ta zaɓa.

Masu neman zanen da zai daɗe kuwa, kada ki biya musu buƙata da ƙara dayis. Baƙin da ke cikinsa yawanci sinadarin rina gashi ne da ake kira PPD, wanda ba a yi shi domin a bar shi a kan fata ba, kuma na sha ganin amare da hannu a kumbure, ƙuraje masu ruwa sun fito daidai da siffar furen da aka zana musu. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, yakan ci gaba da ƙinsa har abada, ko a rinin gashi ne. Idan wata ta ce miki wurin yana yi mata zafi ko ƙaiƙayi bayan kin sa, ki wanke shi nan take da ruwa da sabulu, idan kuma ya tashi, ki tura ta asibiti kafin ta fara shafa masa wani abu a gida.