Tambaya da Amsa: Hotunan da mawaƙa suka hana a gani

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon malamin makaranta ne, ina zaune a unguwar Birni a nan Damagaram. A zamanin samartakarmu mun saurari faya-fayan ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka, Creedence Clearwater Revival, waɗanda ɗalibai ƴan'uwanmu kan zo da su daga Yamai da Kano. Kwanan baya jikana ya nuna mini fim ɗin bikin Woodstock a wayarsa, na kalle shi daga farko har ƙarshe ban ga ko ƙyallinsu ba, alhali na sha jin cewa sun yi wasa a wurin. Shin ba a ɗauke su ba ne, ko kuwa hotunan ne suka ɓata?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka ji gaskiya ne: sun yi wasa, an kuma ɗauke su, hoto da sauti. Shugabansu ne, John Fogerty, ya ce bai yarda a saka su a fim ɗin ba.

An yi bikin Woodstock daga 15 zuwa 18 ga Agustan 1969 a gonar wani makiyayin shanu mai suna Max Yasgur, a garin Bethel na jihar New York, mutane wajen dubu 400 suka hallara. A shekarar nan babu ƙungiyar kiɗan rok da tauraronta ke haskawa a Amurka kamar Creedence, domin manyan faya-fayai uku suka fitar cikin shekara guda, don haka aka ba su daren Asabar, wanda shi ne lokacin manya. Sai ruwan sama da rikicin kayan sauti suka dagula tsarin bikin. Ƙungiyar Grateful Dead da ta riga su hawa dandamali ta yi ta fama da lantarki da ke jan makaɗanta a jikin kayan kiɗa, ta kuma ci lokaci mai tsawo, har sai da dare ya raba kafin Fogerty da wansa Tom da Stu Cook da Doug Clifford su karɓi wuri. Fogerty ya sha ba da labarin cewa da ya duba gabansa, mutane ya gani kwance cikin taɓo suna barci. Suka yi waƙoƙi 11, suka sauka. Da masu fim suka nemi izininsa, sai ya ga babu dalilin da zai sa ƙungiyar da ke kan ganiyarta ta nuna wa duniya daren da ta yi wa masu barci kiɗa.

A ganina ya yi kuskure, kuma kuskuren ya ci musu da yawa. Fim ɗin da Michael Wadleigh ya fitar a 1970 ya wuce awa uku kaɗan, ya ci kyautar Oscar, kuma shi ne ya zama Woodstock a idon duk wanda bai je gonar ba. Mai jita Carlos Santana, wanda ko faifansa na farko bai fita ba a ranar da ya hau dandamalin, fim ɗin ya kai sunansa ko'ina a duniya, har ga shi a Akara a bikin kiɗa na watan Maris na 1971. Creedence kuwa, waɗanda suka fi shi suna nesa ba kusa ba a lokacin, sai aka wayi gari har masoyansu suna shakkar ko sun je wurin, kamar yadda tambayarka ta nuna. Cook da Clifford ba su taɓa yarda cewa wasan ya lalace ba, kuma da sautinsa ya fito cikakke a Agustan 2019, shekara 50 bayan bikin, masu sauraro da dama sun ba su gaskiya. Ni ma da na saurara ban ji alamar gajiya a muryar Fogerty ba.

Abin da ya ƙara tsawaita jiran shi ne rigima. Ƙungiyar ta watse a 1972, Fogerty ya shafe shekaru yana shari'a da kamfanin Fantasy na Saul Zaentz, wanda ya mallaki waƙoƙinsa, Tom ya rasu a 1990 ba su gama shiryawa ba, sauran biyun kuma sun raba gari da shi. Fitar da hoton wasa yana buƙatar sa hannun mai zaren fim, da mai sautin, da mai haƙƙin waƙoƙin, da mawaƙan ko magadansu, kuma mutum ɗaya ya isa ya hana. Sai a 2023 Fogerty ya sayi kaso mafi rinjaye na haƙƙin waƙoƙin da shi da kansa ya rubuta.

Game da hoton kuwa, wasu ƴan waƙoƙi daga wasan nasu sun fito a cikin ƙarin da aka haɗa da fim ɗin a 2009, lokacin cikar bikin shekara 40, saboda haka jikan naka ya nemi wannan bugun. Sai dai kada ka sa ran ganin kowane minti na irin waɗannan wasanni, domin kyamarar wancan zamani mai zare milimita 16 takan ɗauki abin da bai wuce minti 11 ba kafin a canza mata zare, zaren yana da tsada, kuma da dare haske yakan yi ƙaranci. Na'urar sauti tana gefe guda tana ta juyawa, shi ya sa sauti yakan tsira cikakke, hoto kuwa guntu-guntu. Idan kana son ganinsu da kyau, wasan da suka yi a zauren Royal Albert na Landan a Afrilun 1970 ya fito a 2022, bayan ya kwana a ma'aji shekara 52.

TAMBAYA: Malam, ni mai gyaran waya ne a kusa da Kasuwar Dole, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai. Wani abokina ya turo mini bidiyo an rubuta cewa wasan Led Zeppelin ne a bikin Bath na 1970 wanda ba a taɓa gani ba. Hoton yana da duhu, bakin mawaƙin kuma bai dace da sautin ba. Na gaskiya ne ko ƙarya?

AMSA: Ƙanena, alamomin nan biyu da suka sa ka shakka su ne ma suke ba bidiyon naka ɗan ƙarfi. Led Zeppelin, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, sun yi wasa a bikin Bath, wanda aka yi a Shepton Mallet na ƙasar Ingila, ranar 28 ga Yunin 1970, a gaban mutane wajen dubu 150, kuma ana ɗaukar ranar a matsayin wadda ta kafa su a ƙasarsu. Wani mai shirya fim, Peter Whitehead, ne ya ɗauki hoton, amma sun hau dandamali rana tana faɗuwa, zaren da ke hannunsa kuma na hasken rana ne, sai hoton ya fito da duhu, aka ajiye shi da sunan ba zai yi amfani ba. A 2017 wani farfesa na Jami'ar De Montfort da ke Leicester, Steve Chibnall, ya bayyana cewa akwai minti 20 zuwa 30 na hoton a cikin kayan Whitehead, daga baya kuma wasu guntaye suka bayyana a intanet babu sauti. Masoyan ƙungiyar ne suka ɗora musu sautin da wani ɗan kallo ya ɗauka a ɓoye da rakoda, shi ya sa baki da murya ba sa haɗuwa daidai. Idan abin da ke hannunka gajere ne, mai duhu, yana yankewa, to ya yi kama da wannan. Idan kuwa wani ya kawo maka wasan Bath na awa biyu ko uku, tas da shi, da sauti garau, kada ka saya, domin ko dai hoton wani wuri ne aka canza masa suna, ko kuwa aikin ƙirƙirarriyar basira ne.

Canza suna ba sabon abu ba ne, har kamfanoni ma yakan same su. A 1980 an fitar da faifan Creedence da sunan wasan Royal Albert, daga baya aka gano sautin wasan Oakland ne na Kaliforniya, dole aka sauya masa suna. Hanyar tantancewa ita ce a duba tufafi da gashi da kayan kiɗa, a gwada su da hotunan jarida na ranar. A Bath, alal misali, mai jita Jimmy Page yana sanye da doguwar riga mai kauri da hula irin ta manoman Ingila, wadda ba a cika ganinsa da ita a wasu wurare ba.

Ita wannan ƙungiya dama ta shahara da riƙe kayanta. Manajansu Peter Grant ba ya ƙaunar talabijin, ba ya kuma raga wa masu ɗaukar sauti a ɓoye, sai a 2003 suka fitar da tarin hotunan wasanninsu na 1969 zuwa 1979. Wasan da suka yi a Filadelfiya a bikin Live Aid na 1985, na tallafa wa masu fama da yunwa a Habasha, sun hana a saka shi a faifan bikin na 2004, suka ce bai kai matsayinsu ba. A nan dai ba zan yi musu da su ba, domin duk wanda ya ga wasan ya san muryar ta dushe, jitar kuma ba a ɗaure take daidai ba.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar akwati cike da kaset-kaset na bidiyo, wasu na wasannin samariya, wasu na makaɗa a bukukuwan Sallah a ƙofar fada. Yayyena suna cewa a zubar tunda babu na'urar kallonsu. Mene ne shawararka? Daga wata mai karatu a unguwar Zango.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku, Malama, ya sa ya huta. Ki roƙi yayyenki su dakata. A 1969, shekarar Woodstock, wani mai suna Hal Tulchin ya ɗauki hoton wajen awa 40 na bikin baƙaƙen fata a unguwar Harlem ta birnin New York, inda Stevie Wonder da Nina Simone da B.B. King da Hugh Masekela suka yi wasa. Bai sami mai saye ba, kaset-kaset ɗin suka zauna a ɗakin ajiya kusan shekara 50, sai a 2021 aka yi fim ɗin Summer of Soul da su, ya ci Oscar a shekarar da ta biyo, Tulchin kuwa ya rasu tun 2017. Haka bikin Kinshasa na 1974, inda James Brown da Miriam Makeba da Franco suka haɗu, rigimar kuɗi ta danne hotonsa, fim ɗin kiɗan bai fito ba sai 2008. Waɗannan sun tsira ne don an sami wanda ya ƙi zubarwa. Makaɗanmu na fada da na samariya ba su da kamfanin da zai adana su, mai yiwuwa ne abin da ke cikin akwatin nan babu kwafinsa a ko'ina.

Abokan gabar kaset a Damagaram su ne zafin bazara da yakan haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da laimar damina da ke kawo fumfuna, da gara mai cinye takardar da aka rubuta suna da shekara. Ki fitar da su daga ɗaki mai rufin kwano, ki jera su a tsaye a wuri mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta yana goge hoto. Ki ɓalle ɗan ƙaramin marfin da ke gefen kowane kaset domin kada wani ya ɗora sabon hoto a kai bisa kuskure. Wanda kika ga farin abu kamar gari a jikin zarensa, ki ware shi, kada a saka shi a na'ura, domin zai tsinke ya kuma ɓata na'urar. A manyan ɗakunan adana kaya akan gasa zaren da ya manne a tanda ta musamman, da zafin da ya ɗan haura digiri 50, amma wannan aikin ƙwararru ne, kada a gwada shi a gida ko a rana.

Abu na gaba shi ne a juye su cikin kwamfuta tun ana samun na'urar, domin kamfani na ƙarshe da ke ƙera ta, Funai na Japan, ya daina tun 2016. Masu ɗaukar bidiyon biki na da, a nan gari da Maraɗi da Kano, wasunsu suna da ita. Akwai abin lura guda: talabijin ɗin Nijar ya yi aiki da tsarin SECAM na Faransa, Nijeriya kuwa da PAL, saboda haka kaset ɗin da aka ɗauka a tsarinmu yana iya fitowa fari da baƙi a na'urar da aka sayo daga Kano. Idan haka ta faru kada ki ɗauka launin ne ya mutu, a nemi na'ura mai karanta tsari biyun.

Kafin a juye, ki zaunar da dattawan gida su kalla, su faɗi sunan makaɗi da wurin da shekarar, ki rubuta. Ki ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban, kuma kada a yar da kaset ɗin na asali. Idan kuma kuna da niyyar sakawa a YouTube ko sayarwa, ku fara neman iyalan makaɗan, sannan ku tuntuɓi hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da ke Yamai, domin kaset ɗin gadonku ne amma waƙar da ke ciki tana da nata magadan.