Me ya sa jirgin X-15 ba ya tashi daga ƙasa da kansa?

Malam, ka tambaya me ya sa a da Amurka ke rataya jirgin gwajinta X-15 ƙarƙashin fiffiken babban jirgin yaƙi B-52 maimakon ya tashi da kansa. Matsalar mai ce. Injinsa na roka ne, cikin kamar daƙiƙa 80 yake shanye mansa kaf. Shi ya sa B-52 ke ɗaukarsa zuwa kusan ƙafa 45,000, a sake shi, ya ɗan faɗo, sannan matuƙi ya kunna.

A 1967 matuƙi Pete Knight ya kai gudun kilomita 7,274 a awa da shi. Ni dai saukarsa ta fi burge ni: inji a kashe, ya sulalo kan busasshen tafki a Kalifoniya, bayansa na jan ƙasa kan sandunan ƙarfe maimakon tayoyi, ƙura na tashi.