Kafin ka sauya famfon mai, duba tankinka

Ɗan'uwa, ka ce ka ƙara wa injin motarka ƙarfi a Garwa, kana tambaya ko ka sa babban famfon mai da sabon tanki.

Fara da tankin. Fetur ɗin zuwa-zuwa da ake saye a kwalba bakin titi yakan zo da ƙura da ruwa. Sauke tankin, haska tocila ciki. In ka ga jan tsatsa kwance a ƙasa, to ko wane famfo ka sa, rariyarsa za ta toshe. In sabo za ka saya, nemi mai shinge a ciki, don kada man ya gudu gefe guda a kwana, famfon ya zuƙi iska.

Injin mai injekta yana son matsin mai wajen bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), kafireta kuwa bai kai rabin bar ba, don haka kada ka sa wa ɗaya famfon ɗayan. Famfon kamfanin Walbro mai tura lita 255 a awa ya ishi yawancin motocin titi. Ni dai na fi son famfon da ake sa wa a cikin tanki, domin man ne ke sanyaya shi, ga zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40. Kada ka riƙa yawo da mai ƙasa da kwatan tanki. Makanike ya ja wa famfon waya mai kauri daga batir, da rile (makunnin da ke ba shi wuta) da fis nasa.